Sabka da Sauka: Wace ce Ta Girmi Wata?

Darasinmu na wannan mako a kan tarihin harshe ne. A Rabah da Wurno da Goronyo muna cewa sabka, zamna, amre, ɗamre, abduga. A littattafan makaranta kuwa sai mu tarar da sauka, zauna, aure, ɗaure, auduga. Shi ya sa wasu ɗalibai ke zaton Hausar gidansu gurɓatacciya ce, har su riƙa jin kunyar yin ta a bainar jama'a. To, binciken masana ya nuna tamu ce tsohuwa.

Ga yadda abin ya faru. A karin harshen gabas, irin na Kano, baƙaƙen b da m sun yi rauni a ƙarshen gaɓa, suka rikiɗe suka koma wasalin u. Ta haka sab-ka ta zama sau-ka, am-re ta zama au-re. Sakkwatanci ya riƙe baƙaƙensa. Wani Bajamushe, August Klingenheben, shi ya fayyace wannan sauyi wajen 1928, kuma masana na kiransa Dokar Klingenheben.

Ina hujja? Tana bakin Bakano kansa. Yana cewa aure, amma ya ce amarya. Yana cewa zauna da ɗaure, amma ya ce zama da ɗamara. Duk inda wasali ya biyo bayan m, ta tsira.

Mu ma sauyin bai ƙyale mu baki ɗaya ba. Daga talaka aka samu talauci, jam'in ɓauna kuma ɓakane ne. A nan k ce ta koma u, a Kano da Sakkwato duka.

Wasu harsunan ma haka suke. A tsohon rubutun Mongoliya, ƙasar da ke tsakanin Sin da Rasha, ana rubuta "ja" ulagan. Baƙin tsakiya ya faɗi, wasula biyu suka haɗe, yau ana cewa ulaan, kamar a sunan babban birninsu, Ulaanbaatar.

Saboda haka, a jarrabawar WAEC da NECO mu rubuta sauka, domin daidaitacciyar Hausa ake nema, kuma maki na kanta. A gida mu ce sabka ba tare da sunkuyar da kai ba.

Aikin mako: kowa ya tambayi kakanninsa kalmomi biyar irin waɗannan, ya kawo wa ƙungiya. Za mu liƙa su a wannan allo.