Kafin Ka Sayi Kyamara, Nuna Mini Ɗakinka

Duk shekara idan kaka ta yi, aka sayar da masara da waken suya, sai samari su fara zarya shagona, kowa da ɗan kuɗinsa a aljihu da tambaya iri ɗaya: "Maigida, wace kyamara zan sayo in na shiga Kano?" Ni kuwa amsata ba ta sauyawa. Nakan ce a ajiye maganar kyamara tukuna, a nuna mini ɗakin da za a zauna da wutar da za a jona. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ɗaukar biki da saukar Alƙur'ani da wa'azi daga nan Musawa har Matazu da Malumfashi, kuma yawancin kayan da na ga sun mutu a hannun abokan sana'a ba tsufa ya kashe su ba. Wuta ce, da ƙura, da rashin tsari.

Wuta ta fara koya mini darasi a shekarata ta biyu. Na bar mikisa jone a bango na tafi gida, cikin dare aka dawo da wuta da ƙarfin da ya wuce kima. Da safe ina buɗe ƙofa ƙaurin ƙonanniyar roba ya tare ni. Na danna makunni, ko fitila ɗaya ba ta kama ba, alhali saura kwana uku ɗaurin auren da na karɓi kuɗinsa. Kayanmu an ƙera su ne don wuta mai ƙarfin bolt 230, abin da ke zuwa bangonmu kuwa yau ya yi ƙasa, gobe ya yi sama. Saboda haka sitabilaiza da batir da inbata su ne farkon saye. Inbatar ma a nemi mai ba da wuta tsaftatacciya, domin mai arha tana cusa wani zuzu a cikin sauti wanda babu manhajar da za ta wanke shi tas. Janareta a kai shi nesa, bayan katanga. A sa mai wayarin ya kafa sandar tagulla a ƙasa ya haɗa ta da soket-soket na ɗakin. Gurnanin nan da ake ji ƙasa-ƙasa a lasifika sau da yawa daga nan matsalarsa take. In za a kunna kaya, lasifika ce ƙarshe. In za a kashe, ita ce farko. In an tashi aiki, a zare komai.

Akwai wani abu da ke ruɗa sabbin shiga. Wutar Najeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, kuma kyamarori da yawa na hannu da ake kawowa suna zuwa da saitin can. Sai ka ɗauki walima a ƙarƙashin ƙwan lantarki, hoton ya fito yana ƙyafƙyafta, ka ɗauka an sayar maka da lalatacciya. Lafiyarta lau. Mayar da ita kan hoto 25 a daƙiƙa, saurin ɗauka ɗaya bisa hamsin, ka ga ikon Allah.

Maganar ɗaki ita ce na fi so a saurara, domin a nan muke da arzikin da ba mu san muna da shi ba. Mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma in bai ji abin da malam ke faɗa ba, minti ɗaya ba zai ƙara ba. Kafin ka biya kuɗin haya, shiga tsakiyar ɗakin ka tafa sau ɗaya, ka kasa kunne. In tafin ya dawo maka kamar kana cikin rijiya, haka muryar duk wanda ka ɗauka za ta kasance. Shagon bulo mai daɓen tayil da rufin kwano ba silin shi ne mafi wahala. Ranar da aka yi ruwa kuwa sai dai a tashi aiki. Tsohon ɗakin laka mai kaurin bango, wanda samari ke rainawa, ya fi shi shiru, ya fi shi sanyi a bazara.

Don kashe amsa-kuwwa wasu kan manna kiret ɗin ƙwai a bango, ɓata ƙusa ne kawai, bai da kaurin da zai sha sauti. Muna zaune a ƙasar auduga. Ni kafinta na sa ya haɗa mini firam shida na katako masu zurfin tafin hannu, na cusa auduga, na lulluɓe da yadi mai shan iska, na rataye biyu a bayan mai magana, biyu a kowane gefe. Na shimfiɗa darduma, na sa labule mai nauyi a taga. Ranar da na gama na sake tafawa, sai tafin ya tsaya inda ya faɗi. Amma fa auduga da wuta ba sa ga maciji: kada waya ko fitila mai zafi ta kusance ta, kuma a ajiye abin kashe gobara kusa da ƙofa. A duba maƙwabta ma. Injin markaɗe ɗaya a bayan bango ya isa ya hana ka cin abinci.

Hunturu na kawo ƙura, damina na kawo fumfuna, kuma dukansu idon kyamara suke nema. Akwatin roba mai murfi da ƴan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi sun wadatar. Kada a canza ido a fili ana iska, kada a goge shi da bakin riga. Wayoyi a rataye su a bango, a ƙasa ɓera ke samun su.

Tsari kuma ba ya cin ko sisi. Kowace waya tawa tana da lamba a kai da gindi. Makirufo da batir da caja kowanne da gurbinsa, ta yadda in ɗaya bai dawo ba gurbin ne zai faɗa mini. Akwai littafi a bakin ƙofa: abin da ya fita, wanda ya fita da shi, ranar da ya dawo. Katin memorin da aka cika yana shiga gwangwani ja, wanda aka kwashe yana shiga kore, kuma yarana sun san ba a goge kati sai aikin ya zauna wuri biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida. Ɗaurin aure ba a maimaita shi.

Garin nan na Musawa ne ya haifi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, kuma duk muryarsa da muke ji yau ta iso mu ne saboda wani ya ɗauka, wani ya adana. Kwanakin baya wani dattijo ya shigo mini da kaset biyar ƙunshe a tsumma, karatun mahaifinsa ne na watan azumi. Uku zarensu ya manne, fumfuna ta yi musu fari fat. Biyu na lallaɓa, na juya su da biro a hankali kafin na sa a rikoda. Da muryar ta fito sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Ɗana, ƙara mini daga farko." Na ce, "To, Baba." Na kwafa masa a kati, na bar kwafi ɗaya a shago, wani kuma na tafi da shi gida a aljihu da yamma.