Ga 'Ya'yana Masu Zanen Allon Lantarki

'Ya'yana, ranar da kuka zauna a rumfata kuna musu kan manhajar da ta fi dacewa da zanen allon lantarki, ban ce uffan ba, don ina fama da wata tsohuwar rediyo. Amma kunnena na wurinku. Mai karatu a Minna ya kafe kan EasyEDA, na Bida ya ce shi sai KiCad, har aka kira la'asar ba wanda ya sauko. To, ga abin da tsoho ya hango.

Mu a zamaninmu da alƙalami muke zana hanyoyin wuta a kan farantin jan ƙarfe, mu tsoma shi cikin wani ruwan sinadari mai launin tsatsa, ya cinye duk inda tawada ba ta rufe ba. Tabonsa ba ya fita a riga, ku tambayi gwaggonku. Aikin da wahala, amma zanen namu ne, yana cikin akwati, ba mai zuwa ya ce mu biya kafin mu duba shi. Tambayar da ban ji kun yi ba ke nan: bayan shekara 10, wa ke riƙe da mabuɗin zanenku?

Ku dubi EAGLE. An daɗe ana yayinta a duniya, ɗalibai da ƙananan masu sana'a suka tara zane iri-iri a cikinta. A 2016 kamfanin Autodesk na Amurka ya saye ta, ba a jima ba ta koma ta biyan kuɗi lokaci-lokaci, daga baya kuma aka sanar za a daina sayar da ita da kula da ita a watan Yunin 2026. Mai kaya ya yi yadda yake so da kayansa, ban ga laifinsa ba. Ɗan haya ne dai kullum kayansa a ɗaure.

EasyEDA ba na kushe ta. Kyauta ake amfani da ita, kuma tana haɗe da kamfanin JLCPCB na Sin mai buga allo, ka gama zane ka tura nan take. Sai dai kyauta daban, buɗaɗɗiya daban: ba ka da ikon leƙa cikinta ka gyara, kuma yawancin aikinta da intanet ne. Kun fi ni sanin yadda sabis yake a Rijau idan hadari ya taso.

KiCad kuwa wani malami ne, Jean-Pierre Charras, ya fara ta a Grenoble ta Faransa a 1992. Wajen 2013 injiniyoyin CERN, cibiyar binciken nan da ke kan iyakar Siwizalan da Faransa, suka sa mata hannu, suka ƙara dabarar da idan kana jan layi sauran layukan ke matsawa su ba shi hanya. Ka sauke ta sau ɗaya a Kontagora, ka kawo a filashi, kowa ya kwafa, halal ne, lasisinta ya yarda. Fayilolinta ma rubutu ne da ido ke iya karantawa. Fritzing ta dace da ƙannenku masu fara koyo. Akwai gEDA tun 1998, akwai LibrePCB, duk buɗaɗɗu, amma ku bi KiCad, inda jama'a suka fi yawa, don a can ake samun mai amsa tambaya.

Sai dai buɗaɗɗiyar manhaja rijiyar unguwa ce, ba ɗiba kawai ake yi ba, ana yasa. Kayan da muke samu a kasuwa, musamman rile da soket na na'urar cajin sola, sau da yawa ƙafafunsu ba su dace da siffofin da ke cikin KiCad ba. Idan ɗayanku ya auna ya zana daidai, ya ajiye inda 'yan'uwa za su ɗauka. Wanda ya ci karo da matsala ya rubuta wa masu kula da ita, ya faɗi abin da ya danna da abin da ya faru. Mai Hausa a baki kuma ya gwada fassara kalmominta, ƙannenku za su sa masa albarka.

Bara na yarda da siffar wani rile ba tare da na auna ba, na tura aka bugo mini allo 5. Na yi makonni ina jira, da suka iso ƙafa ɗaya ta ƙi shiga rami, duka biyar ɗin. Tun daga nan, kafin in tura komai sai na buga zanen a takarda daidai girmansa, in shimfiɗa kan soso, in soka ƙafafun kowane abu ɗaya bayan ɗaya. Allunan nan suna rataye bayan ƙofar rumfata. Idan kun zo hutun Sallah ku taho da zanenku, ni zan nemo soso.