Mai Bi da Sayar da Gida

Ya kai mai karatu, wanda ka soma bin Ubangiji Yesu Almasihu, wataƙila wata rana za ka sayar da gidanka, ko domin ƙaura, ko domin bashi. A ran nan za a gwada bangaskiyarka.

Ga yadda jaraba takan zo. Lokacin rani ne, babu hadari a sama. Kai kaɗai ka sani gara ta cinye azarar soro, rufin yana yoyo da marka, rijiya kuma tana ƙafewa da bazara. Dillali ya ce maka, "Yi sabon yaɓe, ka shafa farar ƙasa, ka yi shiru." Shi la'adarsa yake nema. Zuciyarka kuma ta ce, "Ai ban yi ƙarya ba, gama ba a tambaye ni ba."

Kada ka ruɗi kanka. Shirun da aka yi domin a cuci mutum, ƙarya ne a gaban Allah. Idan damina ta zo, soron nan ya rufta a kan 'ya'yan mai saye, jininsu a wuyan wa yake?

Duba Littafin Firistoci sura 14. A cikin shari'ar Musa, idan mugun tabo ya fito a bangon gida, mai gida da kansa zai je ya gaya wa firist. A rufe gidan kwana 7. Idan tabon ya yaɗu, a ciccire duwatsun da suka kamu, a kankare bango, sa'an nan a yi sabon yaɓe. Ka lura: sai an fitar da ɓarna kafin a yaɓe.

Tuna kuma da Hananiya da matarsa Safiratu cikin Ayyukan Manzanni sura 5. Sun sayar da fili, suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka nuna kamar duka ke nan. Bitrus ya nuna musu Allah ne suka yi wa ƙarya, su biyu kuwa suka mutu a ranar.

To, me za ka yi?

1. Ka zaga da mai saye ko'ina, ka nuna masa kowane aibi da hannunka.
2. Idan akwai gardamar iyaka, ko magada da ba su yarda ba, ko jingina a kan gidan, ka faɗa a gaban shaidu.
3. Ka rage kuɗi gwargwadon aibin.
4. Kada ka bar dillali ya yi ƙarya da sunanka.

Hakika kuɗinka za su ragu. Amma maƙwabtanka Musulmi sun sani ɓoye aibi a ciniki haram ne, alƙali kuma yakan warware irin wannan ciniki. Idan mai bi ya kasa wannan, wa zai saurare shi sa'ad da yake shaidar bishara? Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Idan kuwa ka riga ka yi wannan zunubi, kada ka fid da zuciya. Zakka mai karɓar haraji ya tuba, ya ɗauki alkawarin mayar da riɓi huɗu ga wanda ya zalunta, Yesu kuwa ya karɓe shi. Tashi yau, ka je wurin wanda ka cuta, ka faɗi gaskiya, ka biya shi. Sa'an nan ka roƙi Ubangiji gafara, gama shi mai jinƙai ne.