FILIN MANOMA: SARƘAR INJI DA YADDA AKE KIWONTA

A fadamun Haɗeja, daga Auyo har Guri, injuna sun shiga aikin shinkafa da alkama. Ƙaramin injin huɗa, da motar girbi, da babur ɗin da ke kai buhu kasuwa, duk akwai sarƙa a jikinsu, wadda makanikai ke kira cen. Ita ke ɗauko ƙarfin inji ta kai inda aiki yake. Ran da ta tsinke ana tsakiyar girbi, aiki ya tsaya cak, ga kuɗin 'yan ƙwadago na tafiya.

Wani mutumin Suwizalan mai suna Hans Renold shi ya ƙago irin wannan sarƙa a Mancesta ta Ingila cikin 1880. Kowace gaɓa tana da ƙarafa na gefe, da ƙusa da ta haɗa su, da ɗan bututu da ƙusar ke juyawa a ciki, sa'an nan da zobe a waje wanda ke zama tsakanin haƙoran faranti. In ƙaramin faranti yana da haƙora 14, babba 42, sai ƙarami ya juya sau uku kafin babba ya juya sau ɗaya. Gudu ya ragu ke nan, ƙarfi ya ƙaru.

Mutane kan ce sarƙa ta miƙe. Ba miƙewa ta yi ba, cinyewa ta yi. Ƙurar hunturu da yashin fadama su ke shiga tsakanin ƙusa da bututu, su yi ta goga kamar dutsen wasa wuƙa. Kowace gaɓa ta saki kaɗan, sai tsawo ya ƙaru, sarƙa ta riƙa hawa kan haƙora tana cinsu.

To, ga yadda ake ganewa. A sarƙar keke da ta yawancin ƙananan babura, rabin inci ne daga ƙusa zuwa ƙusa, watau gaɓa 24 ƙafa ɗaya ce cif. A ja ta sosai, a ɗora rula. A ta keke, in ta zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, ta gama aiki. Ta manyan injuna kuwa, ƙarin kashi 3 cikin 100 shi ne iyaka.

Sai a wanke ta da kananzir, ta bushe, a ɗiga man giya ta cikin gaɓoɓi, a goge na waje don kada ya kama ƙura. Baƙin man da aka juye daga inji datti gare shi. Kada a ɗaure ta tamau, a bar ta babur tana motsi kamar inci ɗaya. Makullin mahaɗa kuma, rufaffen kansa ya dubi inda sarƙa ke tafiya.

In haƙora sun lanƙwashe kamar ƙugiya, lalle a sake faranti tare da sarƙa, don tsohon faranti nan da nan yake cinye sabuwa. Manomi mai hankali tun kafin shinkafa ta nuna yake auna tasa, ya kuma ajiye mahaɗa biyu a akwatin sifana.