Tsarin Fayil ɗin dBASE da Makomar Haruffa Masu Ƙugiya

1.0 Gabatarwa

Kamfanin Ashton-Tate na Amurka ya fitar da manhajar dBASE III a shekarar 1984 domin adana bayanai a ƙananan kwamfutoci. Har yau akan ci karo da irin fayilolinta, don haka ya kamata ɗalibi ya san yadda aka gina su.

1.1 Sassan Fayil

Fayil ɗin ya kasu gida uku. Kashi na farko shi ne kai, mai bayit 32, wanda ke ɗauke da ranar gyara na ƙarshe da adadin layukan bayanai. Na biyu yana bayyana sunan kowane gurbi da faɗinsa. Na uku kuwa shi ne bayanan kansu.

Faɗin gurbi ba ya sauyawa. Alal misali, idan rajistar wata makaranta a Ngaski ta ware bayit 10 domin sunan gari, "Wara" zai ci 4, a cike sauran da sarari, amma "Birnin Yauri" zai guntule ya koma "Birnin Yau".

1.2 Matsalar Hausa

Kowane harafi bayit ɗaya yake ci, kuma tsarin ASCII ba shi da ɓ, ɗ da ƙ. Wannan ya sa "baƙi" yakan koma "baki". Wajibi ne mai nazari ya dubi muhallin kalma kafin ya yanke hukunci a kan ma'anarta.

Auna Fahimta

Kawo kalmomi biyar da ma'anarsu ke sauyawa idan aka cire ƙugiya.