Yadda Ake Gina Ƙaramin Shagon Kafinta a Cikin Gida da Taimakon Wayar Hannu

Bidiyon aikin katako na cikin abubuwan da matasa ke yawan kallo a YouTube da TikTok. Za a ga Bature a Ingila ko Amurka ya gina ɗan ɗaki a lambun bayan gidansa, ya jera injuna, yana haɗa tebur da kujera don nishaɗi kawai. Matashin da ke zaune a Ƙofar Galadima cikin birnin Zariya shi ma zai iya mallakar irin wannan wuri, amma idan ya kwafi tsarin bidiyon kai tsaye kuɗinsa ne zai salwanta. Gidan cikin birni ba shi da lambu. Abin da ake samu shi ne wata kusurwa a tsakar gida, ko tsohon kango, ko ɗan fili a bayan ɗakuna, kuma galibi gidan na gado ne.

Wannan darasi zai nuna lissafin da ya kamata a kammala a waya kafin a sayi bulo ko ɗaya, da kuma wuraren da bai kamata a amince da wayar ba.

Mataki na 1: Izini kafin awo

Ƙofar Galadima ɗaya ce daga ƙofofin ganuwar Zazzau, kamar Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kona. Gidajen cikin ganuwa a manne suke da juna, sau da yawa katanga ɗaya ce ta raba gida biyu. Don haka matakin farko ba na waya ba ne: a zauna da maigida da sauran masu haƙƙi a gidan, sannan a sanar da maƙwabcin da ake haɗa katanga da shi. Gara a ji ƙorafi tun ana zane da a ji shi bayan an ɗora kwano.

Idan ginin na dindindin ne, mai tushe da bulo, hukumar da ke ba da izinin gini a biranen Jihar Kaduna ita ce KASUPDA, kuma ya dace a tuntuɓe ta. Haka nan kada a ɗebi ƙasar gini daga jikin ganuwa, domin tana cikin kayan tarihi na ƙasa da doka ta kare.

Mataki na 2: Girman ɗaki daga girman katako yake farawa

Falankin filawud da ake sayarwa a kasuwa tsawonsa ƙafa 8 ne, faɗinsa ƙafa 4, wato santimita 244 da 122. Wannan awo shi ne zai yanke hukunci kan komai. Kafin a yi tunanin ɗaki, a ɗauki tef a auna ƙofar zaure da kwanar da ake bi a shiga cikin gida. Zauren Bahaushe an gina shi ne don kada na waje ya hango cikin gida, shi ya sa hanyar ke lanƙwasa, kuma sau da yawa cikakken falanki ba ya iya juyawa a ciki.

Mafita ita ce a yanka tun a kasuwa. Akwai manhaja mai suna CutList Optimizer, wadda ake shigar mata da girman falanki da girman guntayen da ake buƙata, ita kuma ta zana yadda za a yanka ba tare da ɓarna mai yawa ba. Sai a ɗauki hoton zanen a tafi da shi 'Yan Katako a Sabon Gari, masu injin yanka su fitar da guntayen. Wannan kaɗai ya rage buƙatar babban ɗaki da babban inji.

Da wannan tsari, ɗaki mai mita 3 a tsawo da mita 2.4 a faɗi ya isa. Zai ɗauki teburin aiki mai santimita 150 da 60, tsayinsa kimanin santimita 85 zuwa 90, ya bar wurin tsayawa da bangon rataye zarto, guduma, kurfi da sikwaya.

Lissafin bulo kuma ba shi da wuya. Bulo mai inci 6 yana cin kimanin guda 10 a kowace murabba'in mita. Kewayen ɗakin kusan mita 11 ne; idan tsayin bango mita 2.4 ne, an samu murabba'in mita 26. A cire kusan 4 na ƙofa da tagogi biyu, saura 22, wato bulo 220, a ƙara kamar 10 saboda masu fashewa. Wanda aljihunsa bai kai nan ba zai iya ɗora layi huɗu na bulo kawai, kusan guda 100, ya ƙarasa sama da ginshiƙai da ragar waya. Irin wannan rumfa ta ma fi shan iska.

Mataki na 3: Rana, ruwa da iska

Kusan kowace wayar zamani tana da manhajar nuna gabas da yamma, kuma shafin SunCalc yana nuna hanyar da rana ke bi a kowace ranar shekara idan an zaɓi wuri a taswira. Zariya tana kan digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Ma'anar wannan ita ce daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana ɗan karkata arewa da tsakar rana, sauran watannin kuma tana kudu. A duk lokutan biyu tana sama sosai, don haka ɗan bakin kwano da ya fito zai kare tagar da ke kallon arewa ko kudu. Tagar yamma ita ce matsala, domin ranar la'asar tana shigowa kai tsaye ta mayar da ɗakin tanda a watannin Maris da Afrilu.

Hadari a ƙasar Hausa galibi daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi saurin zaizayewa a tsoffin gine-ginen ƙasa. Kada ƙofa ta kalli gabas in da hali. In babu, a tsawaita kwano a wannan ɓangare.

Sai ruwan rufi. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Oktoba. Rufi mai murabba'in mita 11 zai zubar da kusan lita 11,000 ke nan, wato duro 55 mai cin lita 200. Idan wannan ruwa yana sauka a gindin katangar ƙasa ta maƙwabci, damina biyu ta isa ta kayar da ita. A karkatar da rufin zuwa cikin gida, a sa indararo ya kai ruwan duro ko magudana.

Mataki na 4: Fitar da kusurwa da daidaita daɓe

A nan ne ya kamata a yi hattara da waya. Manhajar Measure da Apple ya saka a iPhone tun 2018, da irinta na Android, suna awo ne ta kyamara. Suna da amfani wajen sanin ko fili ya kai mita uku, amma kuskuren santimita ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne gare su. A aikin kafinta, milimita biyu ma suna hana ƙofa rufuwa. Awon ƙarshe na tef ne.

Don fitar da kusurwa madaidaiciya, magina suna amfani da ƙa'idar 3-4-5. A auna santimita 90 a jikin igiya ɗaya, 120 a jikin ɗayar. Idan tazarar da ke tsakanin alamun biyu ta zama 150, kusurwar ta daidaita. Daga nan a auna ɗakin daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta. A ɗaki mai mita 3 da 2.4, dukkan layukan biyu su ba da mita 3.84.

Manhajar lebur ta waya tana aiki da na'urar gane karkata da ke cikin wayar. Kafin a yarda da ita, a cire murfi, a ɗora wayar a kan tebur a karanta, sannan a juya kanta zuwa inda ƙafarta take a sake karantawa. Idan lambobin biyu ba su dace ba, tana buƙatar saiti. Tudun kyamara da ke bayan wayoyin yanzu shi ma yana karkatar da ita. Don daɓen ɗaki gaba ɗaya, siririn tiyo mai ruwa irin na magina ya fi waya gaskiya.

A ɗaga daɓen siminti aƙalla santimita 15 sama da tsakar gida, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashinsa don hana danshi hawowa.

Mataki na 5: Gara da hunturu

Magabata sun san maganin gara tun da daɗewa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, an yi rufinsa da bakansa da azarar giginya, wadda gara ba ta cika cin ta ba. Darasin bai tsufa ba: a zaɓi itace mai ƙarfi don ginshiƙi, kuma kada katako ya taɓa ƙasa. A ɗora ginshiƙai a kan siminti, a ajiye falankai a kan bulo, a riƙa leƙa bayan tebur don ganin hanyar gara a jikin bango. Katako mai laushi kamar obece da malaina sun fi sauƙin aiki ga ɗan koyo, amma ba su kai maɗaci da iroko jure wa gara ba.

Abu na biyu ba a cika ganinsa a bidiyon ƙasashen waje ba. Katako yana shan danshin iska yana kuma fitar da shi. Idan danshin iska ya kai kashi 80 cikin 100, kamar a Agusta, katako yana tsayawa a kusan kashi 16 na ruwa. Idan ya sauka zuwa kashi 20, kamar a tsakiyar hunturu, katakon yana komawa kashi 4 zuwa 5. Wannan sauyi zai iya rage faɗin falanki mai santimita 30 da kusan rabin santimita ko fiye, gwargwadon irin itacen. Ga shi kuma yawancin katakon kasuwa daga dazukan kudu ake kawo shi da ɗanyantakarsa. Teburin da aka haɗa a damina shi ne ke tsagewa a Janairu.

Akwai ƙaramar na'urar auna danshin katako mai allura biyu, amma wanda ba shi da ita zai iya amfani da sikelin kicin. A yanki guntu ɗaya, a auna nauyinsa duk mako, a rubuta a Google Sheets. Ranar da nauyin ya daina sauka, katakon ya daidaita da iskar wurin. Kafin nan a jera falankan a inuwa, da 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa.

Mataki na 6: Lissafin wuta

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Injin zarto na hannu yana cin wat 1,200 zuwa 1,400, wato kusan amfa 6, kuma a daƙiƙar da ya tashi yana jan ninki biyu ko uku na wannan. Ƙaramin janareta na gida, wanda ba ya kai wat 1,000, ba zai ɗauke shi ba. Haka ma inbata mai kVA 1.

Kayan aiki masu batir sun fi dacewa da ɗan koyo. Batirin injin huda mai bolt 18 da amfa-awa 2 yana ɗauke da wat-awa 36. Batirin waya mai 5,000mAh kusan wat-awa 19 ne. Ke nan cajin injin huda bai wuce cajin waya biyu ba, ƙaramin sola ma zai iya. Da injin huda, zarton hannu da samfefa, tare da yankan da aka yo a kasuwa, za a iya haɗa kanta, benci da akwati ba tare da janareta ba.

Idan za a ja wuta zuwa shagon, ƙwararren mai aikin lantarki ne zai ja, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 da makashinta na daban. Kada a yi cajin batir a ƙarƙashin kwano mai zafi da tsakar rana, domin batirin litiyam ba ya son caji a zafin da ya haura digiri 45. Kada kuma a bar shi kan caji kusa da garin katako a tafi barci. A unguwar da lungu bai ɗaukar motar kashe gobara, wutar ɗaki ɗaya ta gidaje da yawa ce. A ajiye bokitin yashi a bakin ƙofa.

Mataki na 7: Ƙara da ƙura

Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar ƙara a desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100, inda injin zarto ke kaiwa, minti 15 ne kawai. Hukumar tana da manhajar auna ƙara ta kyauta a iPhone; na Android ba su kai ta daidaito ba, amma suna ba da haske. A kunna inji, a auna a cikin shago, sannan a auna a jikin katangar maƙwabci. A sa abin toshe kunne, a kuma kashe inji a lokutan salla, lokacin ƙailula da bayan magariba.

Ƙurar katako ma ba abin wasa ba ce. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sanya ta cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji, musamman na hanci. A sa takunkumi mai tace ƙura da tabarau lokacin yanka da goge katako, a nisanta shagon daga madafa da randar ruwa, kuma a yi wa ƙofa kwaɗo saboda yara.

Daga ina za a fara?

A fara da izini, sai awon zaure da fili, sai zane da lissafi a waya, sai daɓe da rufi. Aikin farko a sabon shago shi ne teburin aikin kansa, domin a kansa za a koyi awo, yanka da haɗi. Kuma duk yawan bidiyon da mutum ya kalla, wuni ɗaya a shagon kafintan unguwa yana riƙe masa katako zai koya masa yadda ake wasa kurfi da riƙe zarto fiye da datar wata guda.