Kotun Majistare da Haƙƙin Talaka

Mutane da yawa a ƙasarmu, da sun ji an ambaci kotu, sai gabansu ya faɗi, su ce Allah ya raba mu da ita. Addu'ar ba laifi, amma tsoron yana jawo hasara, domin wanda bai san aikin kotu ba shi ne ake cuta tun kafin a kai shi gabanta. Saboda haka ya kai mai karatu, ka natsu ka ji bayanin ƙaramar kotun nan da ake kira kotun majistare.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya raba ikon gwamnati gida uku. Sashe na 4 ya ba majalisa yin doka, na 5 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni zartar da ita, na 6 kuwa ya danƙa shari'a a hannun kotuna. Hikimar wannan rabo ita ce kada wanda ya kama ka ya zama shi ne mai yanke maka hukunci. A can sama akwai Kotun Ƙoli a Abuja, ƙasa da ita Kotun Ɗaukaka Ƙara, sannan manyan kotuna. Waɗannan su ne jaridu ke bugawa, musamman lokacin shari'ar zaɓe. Amma ɗan acaɓa da mai shayi da matar da aka cinye wa kuɗin adashi, da wuya ƙafarsu ta taka can. Shari'arsu takan fara, kuma takan ƙare, a gaban majistare ko alƙalin kotun shari'ar Musulunci ko na kotun yanki.

Wannan rabon iko ba da shi muka tashi ba a Arewa. Zamanin En'e, alƙali yana ƙarƙashin sarki, 'yan doka na sarki ne, gidan yari ma na En'e ne. An yi alƙalai masana masu tsoron Allah, ba a musu, amma 'yan jam'iyyar NEPU sun sha kukan cewa ana amfani da kotunan nan a ɗaure su saboda siyasa. Kotun majistare kuwa ta shigo ne da gyaran da Gwamna Donald Cameron ya yi wa kotuna a 1933. Da aka doshi samun mulkin kai, gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Shawararsu ce ta haifi kundin dokar laifuffuka da ake kira Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. Daga baya mulkin soja ya yi doka a 1967, aka soke kotunan sarakuna, aka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mai da su kotunan yanki. Daga shekarar 2000 kuma, Zamfara da wasu jihohi suka kafa kotunan shari'ar Musulunci masu ikon hukunta laifi.

To, wane ne majistare? Lauya ne wanda hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha ta naɗa, kuma Babban Jojin jiha ne shugabansa, ba kwamishinan 'yan sanda ko ciyaman ba. Yana sauraron ƙararrakin sata da zamba da duka da tayar da hankali da laifin tuƙi, da rigimar bashi ko haya wadda kuɗinta bai wuce iyakar da doka ta yanka masa ba. Ba shi da ikon yin shari'ar laifin da hukuncinsa kisa ne, kamar kisan kai da fashi da makami. Wannan sai Babbar Kotu.

Babban aikinsa dai, a ganina, shi ne tsayawa tsakanin ɗan sanda da mutumin da aka kama. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu, sai fa idan kotu ta ga dalilin ƙari, ko zargin na laifin kisa ne. Sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Ma'anar haka, ba kai za ka kawo shaidar cewa ba ka yi sata ba. Mai gabatar da ƙara ne zai kawo shaidar cewa ka yi. Dole a karanta maka tuhumar da harshen da kake ji, in ba ka jin Turanci a ba ka tafinta kyauta. Kada ka ce "na amsa" don kawai wani ya raɗa maka cewa ta haka za a sallame ka da wuri. Mutane nawa ne suka kwana a kurkuku saboda wannan raɗa!

Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, ta ƙara wa majistare nauyi. Ta umarce shi ya riƙa ziyartar caji ofis na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin waɗanda aka tsare, ya ba da belin wanda ya cancanta. Ta hana kama uba ko mata a maimakon wanda ake nema. Ta hana kama mutum kan rigimar bashi ko ciniki wadda ba laifi a cikinta. Ta kuma ce ba za a hana mace tsaya wa mutum beli don kawai ita mace ce ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita hanin kama wani a madadin wani, kuma ita ta game ƙasa duka. Beli a caji ofis kyauta ne. Kowa ya san abin da ke faruwa a zahiri, amma wanda ya san doka ba a cika matsa masa kamar wanda bai sani ba.

Kada a ce mun yi ta yabo mun ɓoye aibi. Mafi munin ciwon kotunan nan shi ne zaman jiran shari'a. 'Yan sanda su kawo mutum da tuhumar fashi, alhali sun san majistare ba shi da hurumi, sai ya tura shi gidan yari a jira shawarar lauyoyin ma'aikatar shari'a. Fayil ya kwanta, ɗan sandan da ya yi bincike a yi masa canjin wurin aiki, mutum ya shekara biyu, uku, ba wanda ya ce masa ci kanka. Fiye da rabin mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba. Dokar 2015 ta ƙayyade irin wannan tsarewa da kwana 14 a karon farko, kuma ba a ƙarawa sai an kawo dalili. Majistaren da ya sa hannu ya manta, ya zama ɗan aiken 'yan sanda, alhali an naɗa shi ne ya sa musu ido. Gwamnatocin jihohi ma da nasu laifin: majistaren da ba shi da mota ba shi da gida, yana hawa motar haya tare da dangin wanda zai hukunta, ba a kyauta masa ba, ba a kuma kyauta wa shari'a ba.

Idan ɗan'uwanka ya faɗa wannan hali, kada ka nemi ɗan kamasho a bakin kotu. Ka riƙe lambar shari'ar da ranar da aka ɗage ta zuwa, ka halarci kowane zama. In ba ku da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976, tana da ofisoshi a jihohi. Duk kuɗin da za ka biya a kotu, ka biya a hannun akawu ka karɓi rasit. In kuwa ka tsaya wa mutum beli, ka sani ka ɗauki alkawarin kawo shi ne, ya gudu kai za a tambaya.

Hukuncin majistare ba shi ne ƙarshe ba. Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun jiha, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara, har Kotun Ƙoli. Sai dai akwai wa'adi, kuma gajere ne. Ranar da aka yanke hukunci, ka tambayi magatakardan kotu kwana nawa gare ka, ka nemi kwafin hukuncin tun ba ka bar harabar ba.